Sunayen da ke Kan Tamgak

Bahaushe ya daɗe da sanin Abzin, amma irin sanin mai zama a gindin itace ne, wanda bai san itacen ba sai da abin da yake zubo masa. Daga can ayari yake gangarowa da kantun gishirin Bilma da dabino. Daga can sarakuna suke samun dokin nan bagazam, wanda ya ci sunan duwatsun Bagzan. Ita kanta kalmar ayari akwai masana da suke danganta ta da Ayar, sunan da masu ƙasar suke kiran ƙasarsu da shi. Bagobiri kuwa ya fi kowa baki a wannan zance, domin tarihin da ya gada cewa yake yi kakanninsa sun zauna a Abzin kafin su gangaro Birnin Lalle, su yi mulki a Alƙalawa, su kafa Tsibiri. Amma a tara masu wannan tinƙaho a tambaye su wanda ya taɓa ɗora ƙafarsa a kan dutsen, sai a ji tsit.

Wani ɗalibin sashen nazarin harsuna, Bagobiri ɗan Tsibiri, ya ga gorin ya isa haka. Kundinsa na kammala karatu a kan sunayen wurare yake, malaminsa kuma ya riga ya gaya masa cewa ba a ɗaukar sunan wuri daga taswira, sai daga bakin mai wurin. Yana da abokin aji ɗan Iferwan wanda kawunsa ya yi shekaru yana jagorancin masu yawon buɗe ido. A hutun Disamba suka kama hanya: Damagaram, Tanut, Adarbisinat, sai Agadas, inda suka kwana uku suna neman takardun izini da motar da za ta yi arewa. Sauran tafiyar ƙura ce da girgiza, ba ta da labari.

Iferwan tana kwance cikin wani faffaɗan kwari da lambunanta na alkama da albasa da tumatir, gabas da ita kuma Tamgak ya miƙe kamar ganuwar birni. Tsayinsa mita 1,988, Bagzan da ke can kudu bai fi shi ba sai da mita 34. Adadin yana da sauƙin riƙewa, don a shekarar 1988 ne gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere ta mai da su gandun daji, fili mai hekta 7,736,000, wanda ya ɗan fi jihar Maraɗi da ta Doso a haɗe. Dokar ba ta kori kowa ba. Ta bar makiyayi da akuyarsa, ta bar mai lambu da rijiyarsa, ta hana farauta, ta ƙayyade saran itace; a Iferwan ɗin ne ma aka koya wa magina rufin daki da tubali zalla, ba azara, don a sarara wa itatuwan kwari. A 1991 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya. Shekara ɗaya tak bayan haka, da tawaye ya yi zafi ma'aikata suka janye, aka mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, ya kuma shafe fiye da shekara 30 a wannan jeri.

Kalmar gandun daji ta cancanci a tsaya mata. Gandu ita ce babbar gonar gida, wadda ake nomawa tare a ƙarƙashin maigida. Daji kuwa shi ne inda ikon maigida ya ƙare, inda ba shuka ba shinge. Wanda ya fara haɗa kalmomin biyu ya yi azanci, don ya faɗi ainihin abin da hukuma take nufi: daji ne da aka yi wa maigida. Amma kalmar tana ɗauke da wani zato a cikinta, cewa kafin doka ta zo wurin ba shi da mai shi. Da wannan zaton ɗalibin ya iso. Yana tsammanin zai shiga inda ba kowa.

Kawun abokin nasa dattijo ne siriri, ya ja rawani har hanci, yana jin Hausar Agadas ras. Ya dubi takalmin ɗalibin ya fi minti ɗaya kafin ya dubi fuskarsa. Suka ɗora wa jaki salka biyu, da garin alkama, da dabino, da cuku, da kayan shayi, da barguna, suka fita kafin hantsi. Ɗalibin ya ce zai riƙa kiransa madugu, dattijon ya yi dariya ya ce sunan ya fi ƙarfin mai jaki ɗaya. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnensa, don Abzinawa ma madugu suke ce wa shugaban ayarin Bilma. Ashe akwai abin da ya hau daga kudu.

Bai yi sa'a guda ba dattijon ya tsai da shi. "Ɗana, kana tafiya kamar an aike ka kasuwa. Rage taki. In ba ka iya magana kana tafe, ka yi sauri." Ya nuna masa yadda ake dasa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse maimakon yatsu, yadda ake gwada dutse da sanda kafin a ba shi nauyi, da yadda ake kurɓar ruwa kaɗan kaɗan tun ƙishirwa ba ta zo ba. Hawan Tamgak ta wannan gefe ba ya bukatar igiya da ƙarafunan da Turawa suke zuwa da su. Tafiya ce mai tsawo a cikin kwari, sannan rarrafe da hannu da gwiwa a tsakanin manyan duwatsu. Abin da yake kashe mutum a nan ba faɗuwa ba ce galibi. Targaɗe ne a inda mota ba ta zuwa, ko ƙarewar ruwa.

Abin da ya fara ba ɗalibin mamaki ba Tamajak ba ne, Hausarsa ce. Ya taso a ƙasar jigawa da fadama, inda yaro zai nemi abin jifan kare ya rasa, saboda haka kalma ɗaya ta ishe shi: dutsi. Da ita yake kiran na niƙa, da ita yake kiran na guga, da ita yake kiran wanda ya gani a hoto. Falale, kwazazzabo, kogo, hayi, gangare, tsauni, ƙololuwa, duk ya san su, amma sanin ƙamus, irin kalmomin da ake kawowa misali a darasin jam'i. Ran nan falale ya zama abin da takalminsa yake sulɓewa a kai, kwazazzabo ya zama inda murya take komowa mai ita, hayi ya zama wurin da ake gani kusa a yi sa'a biyu ba a kai ba. Ƴan Adar da ƴan Dogon Dutsi za su yi masa dariya, kuma suna da gaskiya. Sai dai nasu tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai. Wannan baƙin dutse ne mai tauri, wanda ya narke a cikin ƙasa ya daskare tun shekaru fiye da miliyan 400. Masana ƙasa sun nuna cewa jeri ɗaya ne ya taso daga arewacin Abzin ya bi ta Damagaram da Muniyo har Jos, na arewa su ne manya a shekaru, na kudu ƙanne. Duwatsun da ake zama a kansu da yamma a Birnin Damagaram ƴan'uwan Tamgak ne.

Sannan sunaye suka fara zuwa. Ba a yin taki ɗari dattijon bai nuna wani abu da sanda ya faɗi sunansa ba, ɗalibin yana miƙa na'urar ɗaukar magana, abokinsa yana fassarawa. Eghazar shi ne kwari, anu rijiya, agalmam tafkin da ruwan damina yake kwantawa cikin kwarmin dutse ya daɗe. Sunaye da yawa suna farawa da in ko tin, wato mai kaza, namiji ko mace, kamar yadda Bahaushe yake cewa Maigizo ko Maijirgi. A bakin mutane da dama tin ɗin yana komawa cin, shi ya sa ake da Cintabaraden, ta ƴan mata, a jihar Tawa. Ɗalibin ya ji daɗin wannan ƙwarai, don ganɗantawa ce irin ta gida, wadda take mai da mota motoci. Ma'anonin sunayen kuwa ba na ado ba ne. Wannan kwarin an sa masa sunan itacen da ya fi yawa a cikinsa, wancan mashigin sunan dabbar da ake samu, wani lungu sunan abin da ya taɓa faruwa da wani makiyayi. A bakin wani kogo suka ga murhu da kashin awaki. A jikin wani falale, zanen dabbobi da harufan tifinag. Suka haɗu da wata mace da yaranta biyu suna kora awaki a inda ɗalibin zai rantse ba mai rai. Dattijon ya tsaya nesa kaɗan suka yi doguwar gaisuwa, ta gaya masa inda aka yi ruwa bana da inda ba a yi ba.

Labarin nata ya yi amfani washegari. Sun bar jakin da abokin ɗalibin a inda hanyar dabba ta ƙare, su biyu suka ci gaba da gora huɗu, da niyyar cikawa a wani agalmam da ke sama. Da azahar suka kai, suka tarar da busasshen laka da gawar kwaɗo. Matar ta faɗa, amma dattijon ya so ya gani da idonsa, tun da tafkin bai taɓa ƙafewa a Disamba ba a saninsa. Gora ɗaya da rabi ta rage. Ɗalibin ya ciro waya ya duba taswirar tauraron ɗan adam da ya sauke tun Agadas. Ta nuna masa ɗigon da yake tsaye a kai, daidai ba kuskure, a tsakiyar wani launin toka da ba rubutu. Dattijon bai ce komai ba. Ya zauna, ya yi shiru yana motsa baki kamar mai lazimi, daga baya ɗalibin ya gane sunayen kwaruruka yake bi ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙe, suka ratsa wani hayi suka gangara wani ƙaramin kwari, tafiyar sa'a ɗaya da rabi ba bisa hanyarsu ba. A wata kwana inda dutse ya tare yashi ya durƙusa ya fara tono da kwano. Da hannu ya nutse har kafaɗa yashin ya yi duhu, sannan ruwa ya fara tsattsafowa, ja-ja, mai sanyi. Irin wannan ƴar rijiya abankor ake ce mata, kalmar kuma tana cikin sunan kwarin. Dattijon ya ce rabonsa da wurin tun yana yaro yana bin mahaifinsa. Kwanar ya manta, sunan ne bai manta ba.

Daren nan sanyi ya yi kamar zai tsaga ƙashi. Sun kwana a kan tudu, ba cikin kwari ba, ko da yake ba lokacin ruwa ba ne, don dattijon ba ya karya wannan ƙa'ida. Wanda ya ga abin da kwarin Telwa ya yi wa Agadas a Satumban 2009 ya san dalili. Ya gasa tagalla cikin toka da yashi, ya kakkaɓe, suka ci da shayi. Ɗalibin ya tambaye shi yadda ake cewa daji da Tamajak. Dattijon ya yi jim, ya ce akwai tenere, fili fetal inda ba ruwa ba inuwa, akwai kuma esuf. Wannan ta biyun ta fi wuyar fassara. Tana nufin wurin da ba mutane, tana kuma nufin abin da zuciya take ji a irin wannan wuri, kaɗaici da kewa. Masu zama a cikinsa su ne Kel Esuf, waɗanda Bahaushe zai kira mutanen ɓoye. "To Kawu, nan esuf ne?" Dattijon ya gyara itacen wuta. "Gare ka. Ni ga inda gyatumata ta yi rani biyu can."

Akwai wani abu da masu kwatanta harsuna suka daɗe da lura da shi, wanda ɗalibin ya karanta a aji bai ji shi a jiki ba sai a wannan dare. Hausa da Tamajak dangi ne na nesa, ɗaya daga reshen Cadi ɗaya daga reshen Barbar, kuma cikin ƴan kalmomin da ake kawowa shaidar wannan zumunci akwai sani da suna. Dattijon in zai ce wani ya sani, issan yake cewa. Suna kuwa esam. Baƙaƙen suna nan a jere, s da n, s da m, tun kafin a yi ayari, tun kafin a yi Gobir.

Rana ta uku ita ce ta hawa sosai. Tun asuba suka shiga wani tsagi da manyan duwatsu suka cushe, inda mutum yake tura gorarsa gaba sannan ya ja jikinsa. Sau uku ɗalibin yana ganin ƙololuwa, sau uku yana isa ya tarar da wata a bayanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Fatar diddigensa ta saɓule, numfashi yana fita da ƙara. Aduwa da jiga da suka rako su daga ƙasa suka ƙare. Can sama dattijon ya nuna masa wani ɗan itace mai siririn ganye, murɗaɗɗe, ya fito daga tsagin dutse: zaitun na daji ne, wanda ba ya rayuwa a Nijar sai a kan waɗannan tsaunuka, saura ne daga zamanin da Sahara take da ruwa. A kwarurukan Abzin akwai kuma dangin gero da na dawa waɗanda ba wanda ya shuka, abin da ya kamata ɗan manomi ya cire musu hula.

Saman Tamgak ba tsini ba ne, fili ne mai faɗi, watse da duwatsu da ciyawa busasshiya. Ɗalibin ya so a kai shi daidai inda mita 1,988 ɗin take. Dattijon ya nuna wani tsibi can nesa ya ce Turawa can suke zuwa su ɗauki hoto, in yana so za a je, amma ba ruwa ba kiwo, shi ya sa ba wanda ya damu ya ba shi suna na kirki. Suka je. Hazo ya rufe gabas, Tenere ba ta ganu ba sai wani fari-fari a ƙasan sama. Iska tana kaɗawa har magana ba ta jiyuwa. Suka yi sallar azahar da taimama suka juyo.

Dabba kuwa ba su ga mai yawa ba. Agwada a bakin rami, kashin ragon dutse a kan wani falale, da haushin gwaggon biri sau ɗaya daga wani kwazazzabo, irin birin kurmi da ya maƙale a nan shi kaɗai, hamada ta kewaye shi. Dattijon ya ce da idonsa ya ga garken jimina a gindin dutsen nan kafin tawayen farko. Bindiga da mota suka ƙare su cikin ƴan shekaru, yau in ana son ganin irinsu sai a je inda ake kiwonsu cikin shinge, kamar Kelle a jihar Damagaram. Farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Faransawa suke kira adaks, wadda dominta aka killace kashi ɗaya cikin shida na gandun aka hana kowa shiga, ta bar wurin. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta ci sunanta, ƴan kaɗan ne suka rage a kan dutsen Takolokuzet. Bai ɗora wa baƙi laifin duka ba. Ya ce shi ma ya ci naman ragon dutse yana saurayi, kuma masu bin barewa da babur har ta faɗi ba daga wata ƙasa suke zuwa ba.

A hanyar gangarowa ne ya yi zancen ƴaƴansa. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, ana tsayawa da yawa, tsayuwa kuma tana kawo magana. Kafin tawaye na biyu a 2007, in sanyi ya kama, jirage suna sauka Agadas cike da baƙi, shi da ire-irensa ba sa zama gida. Daga nan aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, aka sace Turawa a Arlit a 2010, kasuwar ta mutu. Da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten a 2014 samari suka bi ta, nasa biyu suna ciki. Ba ya ganin laifinsu. Su suka sayi injin ban-ruwa na lambu, su suke biyan magani. Amma babban bai taɓa wuce inda aka bar jaki ba, ƙaramin kuwa ya fi sanin sunayen ramukan haƙa.

A nan ne lissafin gandun yake da giɓi. Ana ƙidaya barewa, ana auna itatuwa, ana rubuta rahoto, kuma duk wannan aiki ne mai kyau. Hukuma ma ta gane cewa ƴan ma'aikatanta ba za su iya tsare fili irin wannan ba, shi ya sa take jingina da masu gadi ƴan ƙasa da shugabannin kwaruruka. To amma mai gadin da bai san sunan kwari ba, ina zai ce ya ga sawun maharbi? Sanin da ya sa dutsen yake shiguwa, ga makiyayi da ma'aikaci da mai hawa, yana cikin kan mutanen da shekarunsu suka ja, ba kuma doka da ta ambace shi. Kada ɗalibin harshe ya yi saurin ɗaukar kansa mai ceto. Sunan da aka rubuta a kundi aka ajiye a ɗakin karatu a Yamai ko Maraɗi jimina ce a cikin shinge: ta fi babu, nesa ba kusa ba, amma ba ita ce ta daji ba. Ba ya kai kowa ga ruwa sai an mai da shi hannun yaran Iferwan da Timiya, da harshensu, an kuma sami dalilin da zai sa su sake bin waɗannan kwaruruka, kiwo ne, gadi ne, ko rakiyar ƴan ƙasarsu na kudu da suka zo hawa.

Ɗalibin ya komo jami'a da ɗingishi da sunaye 74 a cikin na'ura. Aikin rubuta su ya ci masa wata biyu, yawanci a kan baƙin nan ɣ mai kama da gaini na Larabci, wanda kunnen Bahaushe yake ji wani lokaci g wani lokaci r, da kuma gajeren wasalin da ba a ba ne ba i ba ne. Uku daga cikin sunayen iskar saman dutse ta cinye su, ba a jin komai sai huci. Ya tura wa abokinsa ta WhatsApp, shi kuma ya kunna wa kawun ranar da ya shigo gari. Dattijon ya maimaita biyu a hankali, sau uku uku. Na ukun ya ce ba ya zo masa a zaune, sai sun koma can in sanyi ya sake kamawa, kuma a gaya wa Bagobiri ya nemi takalmin kirki.